Shanun Sagir Mai Kindirmo

Wani ɓangare na labarin nan ya zube mini. Ban tuna ko bara ne ko bara waccan ba, kuma sunan da Sagir ya raɗa wa shagonsa ya ɓace mini, sai dai na san na Turanci ne, shi kansa ba ya faɗarsa daidai. Sauran ina riƙe da shi.

Sagir ɗalibina ne a firamare a Kankia, tun yana ƙarami bai iya ba da labari ba sai da ƙarin gishiri. Da ya girma ya buɗe shagon kindirmo a Kusada, da firiji ɗaya da wayar da ta fi firijin tsada. Nonon kuwa wata tsohuwar Bafulatana ce mai suna Inno ke kawo masa daga rugarsu ta wajen Fakuwa. Yakan tsayar da ita da ƙwarya a kai ya ɗauki hotonta, ya rubuta a ƙasa: "Ma'aikaciyarmu." Har karatu yake yi mata.

"Inno, yanzu kaya ba su sayar da kansu. Hoto ke sayarwa. Sa babban suna, sa hoto mai kyau, ba mai bincike."

"To, Sagiru," in ji ta, tana naɗa gammo.

Da damina ɓarayin shanu suka afka wa rugarsu, Inno ta daina zuwa. Sagir bai je jaje ba, ya ce yana gina suna. Ya koma dama madarar gari. Harshe kuwa ba ya kallon hoto. Masu saye suka fara tambaya a shafinsa na Fesbuk ko kindirmo yake sayarwa ko ruwan alli. Robobi suka riƙa kwana a firiji, shago ya kama hanyar rufewa.

Sai ya tuna da kawunsa Labaran, dillalin shanu, mai wani katangaggen fili a hanyar Mawashi. A ciki akwai shanu goma sha huɗu, sababbin zuwa, masu ƙiba.

"Shiga ka gani," in ji Labaran, "amma kada ka kuskura ka ɗaga wayar nan."

Sagir ya yi dariya a ransa. Ƙauyanci, tsoron bakin mutane. Ranar kasuwa, da kawu ya fita, ya sa farar shadda ya shiga garken, ya dafa tozon wani bijimi yana ja da baya kaɗan-kaɗan, ya ce wa duniya: "Daga garkenmu zuwa bakinku." Mutumin da bai san ta wane gefe ake zama a yi tatsa ba.

Bidiyon ya yi tafiya. A rana ta uku saƙo ya shigo daga wata Hajiya Karima ta Abuja, hoton shafinta baƙar mota ce a gaban bene. Ta ce tana da manyan kantuna uku, tana son roba ɗari biyar duk mako, amma ita ba ta hulɗa da masu madarar gari. Sai ta ga shanun sosai.

Sagir ya nuna wa kowa saƙon a majalisa, har da ni, da idona da ba ya gani. Daga nan duk ranar kasuwa yana garke. Hajiya ba ta kira, ba ta aiko da murya, rubutu kawai take yi, shi kuma ya ce haka manyan mutane suke. Tambayoyinta na masana ne. Takan ce ya matso da wayar kusa da kunnen jar saniyar nan. Ya zagaya ta hagun farar. Mai ɗingishin nan ta haihu kuwa? Ana ba su kanwa? Shi kuma ya raɗa musu sunaye nan take, wata Zinariya, wata Salma, ya ƙirƙiro tarihin kowace.

Ta tambaya ko haya ya yi don ɗaukar hoto, kamar yadda wasu ke yi. Ransa ya ɓaci. Ya yi sabon bidiyo, hannu a ƙirji, ya rantse cewa shanun nan nasa ne, a gabansa aka haifi rabinsu. Ya sa a shafi kowa ya gani.

Hajiya ta gamsu. Ta ce za ta zo da mutanenta ranar Laraba da hantsi, ya aiko da kwatance. Ya aika, har da alamar taswira da hoton ƙofa. Ya ɗinka sabuwar riga, ya aro kujeru shida, ya roƙi kawu ya tsaya a gida ranar, wai akwai baƙin alheri.

Motoci biyu suka zo, ba baƙa ko ɗaya, cike da 'yan sanda da 'yan banga. Shanun na sata ne. Labaran ya ce bai san su ba, na yaron nan ne. Sagir ya ce wallahi ko kaza ba shi da ita. Sai aka kunna masa bidiyonsa, hannu a ƙirji. Ana tura shi cikin mota yana roƙon a bar masa wayarsa, kada Hajiya ta iso ta tarar ba kowa.

Ya yi kwana nawa a tsare kafin a gane shi wawa ne kawai, wannan ma ya zube mini. Har yau yana cewa kawunsa ya ja masa asarar babbar kwastoma.

Abu ɗaya dai na tabbatar, don na hau babur na je Fakuwa na tambaya da bakina: babu wata Hajiya Karima a Abuja, Inno ce ta gane shanunta a bidiyon, ita ke faɗa, 'yarta Adawiyya na rubutawa.