Gadajen da Ke Juya Tsofaffi

Shekara bakwai ke nan ba a ga gyambon kwanciya a jikin kowa ba a gidan kula da tsofaffi na Yawuri. Gadajen ne ke juya mutane da kansu duk bayan awa biyu, a hankali, kamar kwalekwale a kan ruwa. Iya Tabawa, wadda ƙafafunta suka daina ɗaukarta, takan lumshe ido ta ji kamar haye kogi take yi zuwa kasuwa.

Mijinta, Malam Sambo, yana gadon da ke kusa da nata. Sai dai gadajen tare suke juyawa. In sun yi gabas ta kalli ƙeyarsa, in sun yi yamma ta kalli bango. Wata uku ba ta ga fuskarsa ba.

Da hantsi nas Asabe ta shigo da kunu.

"'Yata, ki roƙar mini gadon nan ya saɓa da nasa sau ɗaya," in ji Iya.

"Iya, an hana mu taɓawa. Don fatarki ake yi."

"Fatata lafiya lau take. Kamanninsa ne suka fara ɓace mini."

Asabe ta ajiye kunun. Tun da ta fara aiki ba ta taɓa juya mutum da hannu ba. Ta tallabi kafaɗar Malam ta juyo shi wajen Iya, fitilar gargaɗin da ke jikin gadon ta koma ja.

Malam ya daɗe yana kallon matarsa.

"Tabawa, ashe ke ce a nan," ya ce. "Na ɗauka a mafarki nake jin tarinki."