Gwangwanin Furfura

Tun da aka fara dawo da matattu gidajensu, doka ɗaya ce: wanda gashinsa bai tsiro ba, a mayar da shi inda ya fito. Shi ya sa duk Juma'a mai dubawa yake zagayowa ya leƙa ruwan aski.

Wannan Juma'ar, Hansatu ta shafa wa mahaifinta kumfa, ta kwance tsohon abin askinsa na ƙarfe, ta sa sabuwar reza. Ta ja daga kunne zuwa haɓa, yadda ya koya mata kafin rasuwarsa. Ba ta ji ƙarar gashi ba. Kumfa ce zalla.

"Ya taru ko, 'yar Baba?"

"Kamar ciyawar damina, Baba. Daina motsi."

Da ya lumshe ido, ta buɗe gwangwanin da ta tara furfurarsa tun yana jinya, ta barbaɗa a kwanon ruwan askin. Saura kaɗan ta ƙare.

Aka yi sallama a ƙofar gida.

Baba bai buɗe ido ba. Ya ce, "Rage hannu, Hansatu. Wancan makon ma kin zuba da yawa."