Kyautar Kowalski

Saura minti biyar a fara gwaji, Kowalski, tsohon ɗan wasan ƙwallon Amurka, ya faki ido ya zare takardar dabarun wasa da Terrell, sabon ɗan wasa, ke ɗaurawa a hannu. Ya musanya masa da wata tsohuwar takarda ta shekara goma don ya rikice. Yau koci zai zaɓi mai jefa ƙwallo ɗaya cikinsu, gwiwar Kowalski kuwa ta gaji.

Terrell bai yi kuskure ko sau ɗaya ba. Shi aka zaɓa.

Sai ga shi a guje wurin Kowalski. "Babban yaya, ta ranar da ka ci kofi ce fa ka ba ni! Ɓoye ta na yi kar gumi ya ɓata ta, na buga da hadda. Sa min hannu, don Allah."

Kowalski ya karɓi biro, ya kasa ɗaga kai.