Kunne a Bakin Ƙwarya

Ana gobe za a tafi da ni lakwal, wato makarantar Nasara, a Damagaram, Kaka ta kira ni madafa bayan la'asar. Na ɗauka guzuri za ta ba ni. Sai ta buɗe ƙwaryar ƙullun masa, ta danna kaina kusa da bakin ƙwaryar.

"Kasa kunne. Me ka ji?"

Na ji wani ɗan sauti kamar yayyafi a kan rairayi.

"To, ya tashi ke nan. In ka ji shiru, rufe shi ka ƙyale shi."

Ta sa ni ina ɗiga ruwan kanwa ina ɗanɗanawa har tsamin ya kwanta. Ta shafa wa tanda mai, ta miƙo mini ludayi. Ta farko ta ƙone, ta biyu ta yi ja yadda ake so.

Baba ya leƙo. "Haba Inna, namiji da tanda? Ai sai duk garin nan na Gure ya yi mana dariya."

Ko ɗagowa ba ta yi ba. "Can inda ka bari a kai shi, wa zai dafa masa? Kai?"

Baba ya juya ya fita.

Lakwal ba ta kai ni ko'ina ba. Sun koro ni da guntun Faransanci, ban zama akawu ba, noma ya ƙi ni. Tandar ce ke ciyar da ni a bakin kasuwa, masu dariyar kuma su ne masu saye. Har yau kafin in hura wuta sai na kasa kunne.