Ƙuri'ar Lantana

Tun da aka daina layin zaɓe a Ostareliya, wata 'yar na'ura ce a bangon kowane falo take sauraron hirar gida. Ranar zaɓe sai ta kaɗa wa kowa ƙuri'a daidai da abin da ta ji yana faɗa.

Da safiyar zaɓen bana, Lantana tana shan koko na'urar ta sanar da ita cewa ta zaɓi jam'iyya mai mulki. Jam'iyyar kuwa ita ce ta rufe firamaren da Lantana take koyarwa a Perth, ta miƙa yaran ga kwamfuta.

"Baban Hajjo, zo ka ji ikon Allah," ta kira mijinta.

Tukur ya fito yana murza ido. Rubuta manhaja ce sana'arsa. Ya duba na'urar, ya sauke numfashi.

"Ba kuskure ta yi ba. Kullum aka gaishe ki, lafiya lau kike cewa, alhamdulillahi. Ita kuma ta ɗauka kin gamsu."

"To, in riƙa zazzage wa mutane cikina?"

"In dai kina son ƙuri'arki."

Da la'asar mahaifiyarta ta bugo waya daga Gusau. Tsohuwa ce mai hawan jini, ba a gaya mata an rufe makarantar ba.

"Lantana, yaya aikin?"

Lantana ta dubi bango, ta yi jim.

"Aiki da godiya, Inna."

Fitilar na'urar ta yi kore. Lantana ta juya mata baya, ta tambayi Inna ko ta sha maganinta.