Ladabin Dogo a Ƙofar Asibiti

"Ƙarar yaronka na kawo, Oga," in ji tela yana huci. "Dogon nan, ɗan sandan sa-kai mai tsaron ƙofar asibiti."

Oga ya ajiye biro. "Zaginka ya yi?"

"Ina ma! Matata ya gaisar har da rusunawa. Ya ce, 'Don Allah ranki ya daɗe, ko zan iya duba jakarki?' Ya duba, ya yi godiya, ya ba ta haƙurin ɓata mata lokaci."

"To ai haka muka koya musu."

"Kun kashe min gida. Tun ranar, ko ruwa na nema sai na ce don Allah. In na manta, sai ta ce in je in ga Dogo."

Wata mata da ke zaune kan benci da kwanon abinci ta miƙe a hankali.

"Dogo ne ya ce don Allah? Da bakinsa?"

"Ke kuma wace ce?" Oga ya tambaya.

"Matarsa. Oga, don girman Allah, a bar shi ya riƙa dawowa gida da kakin nan a jikinsa."