Ramin Maiwada

Maiwada mai faci ya iske ma'aikata suna cike ramin da ke gaban shagonsa a Ƙaura Namoda, ramin da ke fasa tayoyi yana kawo masa abinci.

"Wane ɗan baƙin ciki ne ya kai rahoto?" ya daka tsawa. "Sai na ga bayansa!"

Armiya'u, shugaban aikin, ya miƙa masa waya. "Malam, duk hoton da aka saka a zauren WhatsApp na gyaran gari, bin sa muke yi."

Maiwada ne a hoton, yana washe baki. A ƙasa ga tallan da ya rubuta da hannunsa: "Masu mota, shagona yana daidai ramin nan da ya fi kowanne zurfi a hanyar Shinkafi."